Sa'ad da Tsoho Ya Fara Mantuwa, Shi Ne Dai Har Yanzu

Karatu: 2 Sama'ila 19:31-39, Ishaya 46:3-4, Ishaya 49:14-16

 

A darasin wannan karo za mu dubi wani abu da yake cikin gidaje da yawa, amma ba a cika maganarsa a majami'a ba. Uwa ta ci tuwo, kafin a ɗauke kwano ta ce yau kwana biyu ba a ba ta abinci ba. Uba ya dubi ɗan cikinsa ya tambaye shi daga wane gari ya zo. Dattijon da ya shekara arba'in yana karanta nassi a gaban jama'a ya fita ƙofar gida ya kasa gane hanyar komawa. Waɗansu sukan ce gigin tsufa ne, a ƙyale shi. Waɗansu su ce jifa aka yi masa. Waɗansu kuwa, in tsohuwa ce, sai su fara raɗe-raɗin maita.

Abu ɗaya muke so ka riƙe daga farkon darasin nan har ƙarshensa. Ciwon yana cin tunanin mutum, amma mutumin yana nan. Wadda take zaune a tabarmar nan ita ce dai wadda ta goya ka. Allah bai sauya yadda yake dubanta ba, saboda haka kai ma kada ka sauya.

1. Wane irin ciwo ne wannan?

Kowa yakan manta. Kakan nemi makulli alhali yana aljihunka, kakan manta sunan wani sa'an nan ya faɗo maka da dare. Wannan ba ciwo ba ne. Cutar mantuwa, wadda likitoci suke kira dimenshiya, ita ce sa'ad da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke lalacewa sannu a hankali, har mutum ya kasa yin abubuwan da ya saba yi kullum, kamar ƙirga canji a kasuwa, ko dafa miyar da ta shekara hamsin tana dafawa, ko gane safiya da yamma. Tsufa yana ƙara yiwuwar kamuwa da ita, amma ba kowane tsoho yake kamuwa ba. Akwai masu shekara 90 da hankalinsu yake garau, akwai kuma waɗanda ciwon ya kama tun ba su kai 65 ba.

A shekarar 1901 aka kawo wata mata mai shekara 51, sunanta Auguste Deter, wani asibiti a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus, tana mantuwa, tana rikicewa, tana zargin mijinta. Wani likita mai suna Alois Alzheimer ya riƙa zama da ita yana rubuta abin da take faɗa. Bayan rasuwarta a 1906 ya bincika ƙwaƙwalwarta, ya ga waɗansu ƙulle-ƙulle da suka taru a ciki da kuma tsakanin ƙwayoyin. Daga sunansa aka samo sunan cutar Alzaima, wadda ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu cutar mantuwa. Wani nau'in kuma yakan biyo bayan toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, musamman ga masu hawan jini da waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne suke da wannan ciwo, fiye da kashi 60 cikin 100 kuma suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Kowace shekara ana samun sabbin masu ciwon kusan miliyan 10. Ka ga ke nan ba ciwon Turawa kaɗai ba ne, ba kuwa gidanku kaɗai ya faɗa wa ba.

Me ya sa Inna take manta abin da ta ci ɗazu, amma tana iya ba ka labarin ranar aurenta daki-daki? A cutar Alzaima, sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabbin abubuwa shi yakan fara lalacewa. Ka ɗauke shi kamar rumbun da ake ɗiba daga sama. Geron bana shi zai fara ƙarewa, na bara da na bara waccan kuwa yana can ƙasa. Don haka in ta tambaye ka abu ɗaya sau goma, ba da gangan take yi ba. A wurinta kowace tambaya ita ce ta farko.

Har yanzu ba a sami maganin da yake warkar da cutar ba. Akwai magunguna irin su donepezil da memantine masu rage alamomin na ɗan lokaci. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani sabon magani, lecanemab, wanda yake ɗan rage saurin ciwon a farkonsa, amma yana da tsada ƙwarai, kuma sai da hoton ƙwaƙwalwa a kai a kai. Duk da haka ka kai tsohonka wurin likita, gama akwai abubuwan da suke kama da cutar mantuwa alhali suna da magani, kamar ƙarancin bitamin B12, da rashin aikin ƙululun maƙogwaro, da ciwon damuwa mai tsanani, da raunin ji. In kuwa rikicewar ta zo farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ka jira. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani magani da bai karɓe shi ba.

2. Ba maita ba ce, ba hukunci ba ne

Tsohuwa mai wannan ciwo takan fita da tsakar dare, a same ta a bayan gidan wani. Takan yi magana da waɗanda suka daɗe da mutuwa. In aka tsare ta da tambaya ana daka mata tsawa, tana iya amsa laifin da ba ta san ma'anarsa ba. Daga nan sai a ce ai ga shi ta faɗa da bakinta. A arewacin Gana akwai matsugunai, irin na Gambaga, inda matan da aka kora daga garuruwansu da zargin maita suke fakewa, yawancinsu tsofaffi ne. A watan Yuli na 2020, a garin Kafaba na ƙasar, an doki Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, har ta mutu, bisa irin wannan zargi. Nan ne raɗe-raɗi yake kaiwa in ba a sami wanda ya tsaya ba.

Mu masu bi ma muna da namu irin kuskuren. Mukan ce wataƙila akwai zunubin da ya ɓoye, ko kuwa aljani ne, a kai shi a kwana ana yi masa ihu a ka. A Yahaya 9:1-3 almajirai sun ga makaho, suka nemi sanin laifin wanda ya jawo makantar, nasa ko na iyayensa. Yesu ya kawar da tambayar gaba ɗaya, ya nuna musu cewa wurin nan Allah zai bayyana aikinsa. Ka yi wa tsohonka addu'a kullum, amma cikin natsuwa, da hannunsa cikin naka. Tsawa da taron mutane a kansa tsoro kawai suke ƙara masa. In kuma ka ji ana jifar wata tsohuwa da wannan zargi a unguwarku, ko mai bi ce ko ba mai bi ba, ka tsaya mata. Ka je wurin mai unguwa da shugabannin addini ka bayyana musu cewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa.

3. Abin da Dawuda ya yi wa Barzillai

Yanzu ka buɗe 2 Sama'ila sura 19. Barzillai mai arziki ne daga Rogelim a ƙasar Gileyad. Sa'ad da Dawuda yake gudu daga ɗansa Absalom, wannan dattijo yana cikin waɗanda suka kawo masa shimfiɗu da hatsi da zuma da tumaki a Mahanayim. Da yaƙi ya ƙare, sai ya rako sarki zuwa Kogin Urdun. Dawuda ya so ya sāka masa, ya gayyace shi su tafi Urushalima tare, ya ci daga teburin sarki har ƙarshen ransa.

Barzillai yana da shekara 80. Ya bayyana wa sarki cewa bakinsa ya daina jin daɗin abinci, kunnensa ya daina jin muryar mawaƙa, rarrabe abubuwa ma ya yi masa wuya. Abin da yake so shi ne ya koma garinsu, ya mutu kusa da kabarin iyayensa. Nassi bai ce yana da cutar mantuwa ba, amma ya nuna mana tsohon da ƙarfinsa ya ragu, da kuma yadda mai tsoron Allah ya bi da shi.

Ka lura da abubuwa uku. Na ɗaya, Dawuda ya saurare shi har ya gama. Na biyu, bai tilasta masa karɓar alherin da shi sarki ya shirya ba, ko da yake fada ta fi Rogelim kowane irin jin daɗi. Ya bar shi a wurin da ya sani, cikin mutanen da ya sani. Na uku, ya sumbace shi, ya sa masa albarka a gaban jama'a, ya ɗauki Kimham a madadinsa. Har a kan gadon mutuwarsa Dawuda bai manta ba, gama a 1 Sarakuna 2:7 ya yi wa Sulemanu wasiyya a kan 'ya'yan Barzillai.

Sau da yawa alherinmu yakan zo ba tare da tambaya ba. Ɗa ya sami aiki a Yamai ko Maraɗi, ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye ya sa ta a ɗaki mai kyau. Bayan mako ɗaya ta rikice fiye da dā, domin ba randarta, ba bishiyar da take zama a ƙarƙashinta, ba maƙwabciyar da take gane muryarta. Wani lokaci ƙaurar ta zama dole, in babu mai kula da ita a can. In haka ne, a taho mata da tabarmarta, da ƙwaryarta, da akwatin kayanta, a kuma yi mata haƙuri har ta saba.

4. Ka fara ganin mutumin kafin ciwon

Wani malami a Jami'ar Bradford ta Ingila, Tom Kitwood, ya daɗe yana lura da yadda ake jinyar masu wannan ciwo. A littafin da ya fitar a 1997 ya nuna cewa ba lalacewar ƙwaƙwalwa kaɗai take durƙusar da su ba. Yadda mutane suke bi da su ma yana yi: a yi maganarsu a gabansu kamar ba sa nan, a mai da su yara, a yi musu ba'a, a gaggauta su, a ƙwace musu kowane aiki. Ya ce buƙatunsu na zuciya biyar ne, wato kwanciyar rai, da shaƙuwa da wani, da zama cikin jama'a, da abin yi, da sanin ko su wane ne, dukansu kuwa suna haɗuwa a kan ƙauna. Wannan koyarwa ta sauya yadda ake jinya a ƙasashe da yawa. Ga yadda za ka bi da ita a gidanka.

Ka zo masa ta gaba, kada ka dafa shi ta baya. Ka durƙusa ko ka zauna, idonka daidai da nasa. Ka gaishe shi da sunan girmamawar da ya saba ji, ko Baba, ko Malam, ko Kaka. Sa'an nan ka faɗi naka sunan da kanka: "Baba, ni ne autanka, na zo gaishe ka." Kada ka yi masa jarrabawa kana cewa, "Ka gane ni? Wane ne ni?" Ya san ya kamata ya sani, kunyar rashin sanin kuwa tana yi masa ciwo.

Ka yi magana a hankali, gajere, abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka jira amsa ko da ta daɗe. Maimakon ka tambaye shi abin da yake so ya ci, ka nuna masa kunu da fura ka ce ya zaɓa. Zaɓi tsakanin abu biyu yana da sauƙi, yana kuma bar masa girmansa. Ko Ubangiji, da aka kawo masa Bartimawas makaho a Markus 10, sai da ya tambaye shi abin da yake so, ko da yake buƙatarsa a fili take.

Ka bar masa aikin da hannunsa ya sani. Tsohuwa tana iya ɓarar gyaɗa, ko tsinke zogale, ko ninke zannuwa, ko riƙe jika a cinya ana kusa da ita. Tsoho yana iya tufka igiya ko ba awaki dusa. In aikin bai yi daidai ba, ka yi godiya, ka gyara daga baya ba a gabansa ba. In ana hira a tsakar gida, a shimfiɗa masa a cikin mutane. In baƙo ya tambayi jikinsa, ka ce, "Ga shi nan, ku gaisa."

Kada kuma ka ce ziyara ba ta da amfani tun da zai manta. A 2014 masu bincike a Jami'ar Iowa ta Amurka sun nuna wa masu cutar Alzaima gajerun finafinai na ban dariya da na ban tausayi. Bayan ɗan lokaci da yawansu sun manta abin da suka kalla, amma farin cikin ko baƙin cikin yana nan tare da su. Zai manta ka zo, amma daɗin zuwanka zai saura a zuciyarsa. Haka ma zai manta abin da ya sa ka yi masa tsawa, amma tsoron zai saura. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a nan kuwa maganar ta cika sarai, domin mai wannan ciwo yana karanta fuska da murya ko bayan kalmomi sun ɓace masa.

5. Wurare masu wuya

In ta ce an sace mata kuɗi. Yawanci ita ta ɓoye ta manta, kuma wadda ta fi yi mata hidima ita take zargi, sau da yawa surukarta. 'Yar'uwa, in ke ce, kada ki riƙe wannan a zuci, kada kuma ki shiga rantse-rantse. Ki ce, "Inna, abin ba daɗi, zo mu nema tare." Ki san wuraren da take ɓuya, kamar ƙarƙashin matashi, da cikin kwalla, da bakin zane. Kai kuma maigida, ka bayyana wa dangi tun da wuri cewa ciwon ne yake magana, don kada sunan matarka ya ɓaci a banza.

In ya ce zai tafi gida, ko yana neman mahaifiyarsa da ta rasu shekara 40 da suka wuce. In ka ce masa ai ta mutu, zai ji labarin kamar yau aka yi rasuwar, gobe kuma ya sāke tambaya. Mai bi ba ya son ƙarya, ba kuwa lalle sai ka yi ta ba. Ka nemi abin da yake bayan maganar. Mai neman uwarsa yawanci tsoro yake ji, ko kaɗaici, ko yunwa. Ka ce, "Kana kewarta, ko? Ba ni labarinta. Wane abinci ta fi iya dafawa?" In ya dube ka ya tambaye ka kai tsaye ko ta mutu, ka faɗa masa gaskiya da taushi, ka zauna tare da shi cikin baƙin cikin.

In rikicin yakan tashi da yamma. Da yawa sukan ruɗe sa'ad da rana take faɗuwa, inuwa ta yi tsawo, gida ya cika da hayaniya. Ka kunna fitila tun kafin duhu, ka rage ƙarar rediyo, ka sa wanda ya fi sabawa da shi ya zauna kusa. In ana cin abinci da wanka da kwanciya a lokaci ɗaya kowace rana, hankalinsa yakan fi kwanciya.

In yana fita yawo ya ɓace. Kada ka ɗaure shi, kada ka kulle shi shi kaɗai a ɗaki. Ka sanar da maƙwabta, da mai shagon bakin hanya, da masu babur na unguwa. Ka ɗinka masa takarda mai lambar wayarka a cikin aljihu. Ka rufe rijiya, ka kawar da ashana da wuƙa da maganin ƙwari. Ka sa wani ya riƙa yin ɗan tattaki da shi da safe.

In ya yi faɗa ko ya ƙi abinci. Ka fara tambayar kanka ko wani wuri yake masa ciwo, gama mai yiwuwa ya kasa faɗa. Ka duba haƙori, da ciki, da fitsari. A lokacin bazara, sa'ad da zafi yake wuce digiri 40 a ƙasashenmu, tsoho ba ya cika jin ƙishi, sai ka riƙa miƙa masa ruwa ba sai ya roƙa ba. In haɗiya ta fara yi masa wuya, ka zaunar da shi a miƙe, ka ba shi abinci mai laushi kaɗan kaɗan. In ya kwanta ya kasa juyawa, a riƙa juya shi kamar kowane awa biyu don kada jikinsa ya yi gyambo.

6. Rufin asiri da amana

Ranar da uba zai ɓata tufafinsa a gaban 'ya'yansa rana ce mai nauyi. A Farawa 9 Nuhu yana kwance tsirara a alfarwarsa. Ham ya gani ya fita ya ba da labari, Shem da Yafet kuwa suka ɗauki mayafi, suka shiga da baya, suka rufe mahaifinsu. Dalilin halin da Nuhu ya shiga dabam ne, amma darasin ɗaya ne. Ka rufe ƙofa sa'ad da kake masa wanka, ka rufe sashen da ba ka wankewa, ka faɗa masa abin da za ka yi kafin ka yi. In zai yiwu, namiji ya wanke namiji, mace ta wanke mace. Kada ka bar yara su yi masa dariya, kada kuma wani ya ɗauki hotonsa a waya yana cikin ruɗewa.

A Farawa 27 kuma Rifkatu da Yakubu sun yi amfani da makantar Ishaku suka yaudare shi. Abin da ya biyo baya shi ne gaba tsakanin 'yan'uwa, da shekara 20 da Yakubu ya yi a gidan Laban. Yau ma akwai mai kama yatsan tsoho ya dangwala a takardar sayar da gona, ko ya karɓi fanshonsa ya ci. Allah yana gani. Tun tsohon yana da sauran hankalinsa, ku zauna da shi da shaidu, ya faɗi abin da yake so a yi da dukiyarsa, da wanda ya yarda ya riƙe masa.

7. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Ciwon nan yakan ɗauki shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata ne suke yin kashi 70 cikin 100 na sa'o'in jinyar masu cutar mantuwa. A gidajenmu ka san ko su wane ne: 'ya, ko suruka, ko jikanyar da aka cire daga makaranta. In ke ce mai jinyar, gajiyarki ba zunubi ba ce. Sa'ad da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19, abin da Allah ya fara ba shi abinci ne da barci. Ki faɗi buƙatarki a fili. In kin ji fushi yana taso miki, ki fita tsakar gida ki sha iska kafin ki koma.

Ku 'yan'uwan da kuke nesa, kuɗin da kuke aikowa yana da kyau, amma zumunta a ƙafa take. Ku raba kwanaki, kowa ya zo ya karɓi mai jinyar ta huta. Manzo Bulus ya nuna a 1 Timoti 5:4 cewa ibada tana farawa da sāka wa iyaye da kakanni.

Ikkilisiya kuma tana da nata rabo. Zumuntar mata za ta iya tsara masu zuwa su zauna da tsohuwa awa biyu, don 'yarta ta je sujada ko kasuwa. Matasa su ɗebo ruwa, su yi noman gonar. In dattijo ya yi magana da ƙarfi a tsakiyar wa'azi, kada a hana shi zuwa, a sa wanda ya sani ya zauna kusa da shi, kusa da ƙofa. In ya kasa zuwa, fasto da dattawa su kai masa sujada gida. Ku raira masa tsofaffin waƙoƙin da ya koya tun yana saurayi. Sau da yawa wanda ya kasa haɗa magana yakan bi waƙa baiti baiti, domin waƙar da aka daɗe da sani tana cikin abubuwan da ciwon yake jinkirin taɓawa. Ranar 21 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar cutar Alzaima ta duniya, Lahadin da take kusa da ita dama ce ta koyar da jama'a.

Ka kula da kanka kuma, gama rigakafi ya fi magani. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 waɗanda in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa. A cikinsu akwai hawan jini, da ciwon suga, da shan taba, da yawan shan giya, da raunin ji da na gani da ba a kula da su ba, da buguwa a ka, da zaman kaɗaici, da ƙarancin karatu tun yarinta. Ka auna jininka, ka sa hular kwano in za ka hau babur, ka bar 'yarka ta gama makaranta.

8. In ya manta da Allah fa?

Wannan ita ce tambayar da take hana masu bi da yawa barci. Baba ya daina addu'a. Wani lokaci har zagi yake fitowa daga bakin da ba a taɓa jin ashar a cikinsa ba. Bangaskiyarsa ta tafi ke nan?

Ka sani ciwon yana lalata sashen ƙwaƙwalwa mai tsare harshe, saboda haka maganar da take fita ba ma'aunin zuciyarsa ba ce. Cetonmu kuwa bai taɓa rataya a kan ƙarfin tunaninmu ba. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, a Luka 23:42, roƙonsa shi ne Yesu ya tuna da shi, a kan wannan kuwa aka karɓe shi. A Ishaya 46 Allah ya yi wa jama'arsa alkawari cewa shi da ya ɗauke su tun daga ciki, shi zai ci gaba da ɗaukarsu har furfura. A Ishaya 49 ya kwatanta kansa da mace mai shayarwa, ya nuna cewa ko ita ta iya manta jaririnta, shi ba ya mantuwa da nasa. Romawa 8 ta koya mana cewa sa'ad da muka rasa abin da za mu faɗa, Ruhu Mai Tsarki yana roƙo dominmu, kuma cikin dukan halitta ba abin da zai iya raba mu da ƙaunar Allah cikin Almasihu. Cutar mantuwa ma tana cikin abubuwan da ba za su iya ba.

Lokacin da kake jariri ba ka san sunan mahaifiyarka ba, ba ka taɓa gode mata ba, ka hana ta barci dare da yawa, duk da haka ta san ka, ta kira ka da sunanka. Yanzu ita ce ba ta san naka ba. Ka riƙe mata labarinta. Ka faɗa wa jikokinta ko ita wace ce, da wahalar da ta sha, da alherin da ta yi. Ka kira ta da sunanta na girma har ranar da Ubangiji zai kira ta gida.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa uku Dawuda ya yi wa Barzillai? Wanne ne ya fi maka wuya?
2. Akwai tsoho a gidanku ko a unguwarku da ake zargi ko ake yi wa ba'a saboda ruɗewa? Me za ka yi a wannan mako?
3. Wace ce take ɗauke da nauyin jinya ita kaɗai a ikkilisiyarku? Wa zai karɓe ta, a wace rana?
4. Yaya za ka amsa wa wanda ya ce mahaifinsa ya rasa cetonsa domin ya daina addu'a?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai da ba ka mantuwa da naka, muna kawo maka iyayenmu da kakanninmu waɗanda tunaninsu ya raunana. Ka kwantar musu da rai sa'ad da suka tsorata. Ka tsare su daga bakin masu zargi da hannun masu cin amana. Ka ba masu jinyarsu ƙarfi, da barci, da mataimaka. Ka ba mu haƙuri mu amsa tambaya ta goma kamar ta fari. In kuma ranar ta zo da mu ma za mu manta, ka tuna da mu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.